Katin da Bai Shiga Leda Ba

Zuwa ga aminina Silvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas? Direban da ya kawo wasiƙar nan zai ba ka kwali. Katunan gidan waya ne masu hotunan jiragen ƙasa na zamanin Turawa, waɗanda na daɗe ina tarawa. Ka kai su gidan gwanjon unguwarku. Na tsaya gaban coci na ce kuɗinsu zai rufa ɗakin taron tsofaffin ma'aikatan reluwe kafin damina, wasu suka yi dariya. Ni da na fara kasuwanci da buhun citta ɗaya! Kada ka damu da raɓa, duk na sa an yi musu laminatin, an manne su cikin leda kamar satifiket.

Naka,
Chinedum Ifediora, Kafanchan

Ɗan'uwana Chinedum,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri. Matar da ke sa farashi ta buɗe kwalin, ta dafe kai. Ta ce katin da aka manne da injin zafi ya mutu, masu tarawa ba sa ko kallonsa. Babu katin da ya tsira? Allah ya ba da mafita.

Silvanus

Silvanus,

Sannu da ɗawainiya. Matar nan ba ta san ruwan Kafanchan ba! To, akwai guda. Hoton tasharmu ne da jirgin kwal, gadon matata Uloma daga babanta, tsohon direban jirgi. Ranar laminatin ta hana ni, ta ce: "Baban Ezinne, kayan babana ba gurasa ba ne da za ka gasa." Yana ƙasan akwatin zannuwanta. Na roƙe ta, har miyarta na yaba. Ta yarda, amma da sharaɗi. Ga shi nan, kada ka lanƙwasa.

Chinedum

Chinedum!

Mutum biyu suka yi ta kokawa a kansa ta waya, ɗaya daga Ingila, har mai buga gudumar gwanjon ya yi gumi. Naira miliyan uku! Sayi kwanon rufi. Amma wane sharaɗi? Gai da Madam.

Silvanus

Aminina,

An rufa ɗakin, ruwan farko ya sauka, ko ɗigo babu a ciki. Masu dariya sun zo sun ci shinkafa. Sharaɗin kuwa, sunan babanta ne a ƙofa, ba nawa ba. Ba komai. Katin nata ne, amma ita matar, wa ya zaɓo ta? Ni.

Sai ka zo Kirsimeti,
Chinedum