Kafin a Tsaga Ƙafar Hanne

Daga Tanko manomi, mazaunin Gozaki, zuwa ga yayana Magaji mai magani, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Gaisuwa da girmamawa mai yawa. Bayan haka.

Ka san ko alif ban sani ba. Malamin unguwa ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya ce mamaci ba ya karɓar takarda, na ce ya rubuta dai, ai masu ran ma ba su saurare ni ba.

Yaya, ɗanka Sule ya tono tukunyarka.

Ka tuna yadda muke ɗaga duwatsu da farkon damina, kana damƙo shanshani da kara biyu, kana jefa su da ransu cikin man kaɗe mai ɗumi don su zubar da dafinsu? Sai ka liƙe bakin tukunya da laka, ka binne har a yanke dawa. Mutum nawa aka kawo a kan jaki, jijiya ta riƙe su daga ƙugu har diddige, suka koma gida da ƙafarsu? Kullum kana shafawa kana cewa, a kan lafiyayyar fata, ban da rauni, ko da ƙarcen ƙaya ne.

Sule yana goye lokacin da bafataken nan ya sauka gidanmu, shekarar da mahara suka ƙone rumbunan bayan ganuwa. An yi masa ƙaho a ƙafa a hanya, tsagar ba ta rufe ba. Ka hana shi man, ya faki idonka ya shafa, don kada ayari ya tafi ya bar shi. Ƙafa ta zama kamar turmi, ta yi baƙi, baƙin yana hawa. Ni da kai muka yi wa gawarsa wanka. Yau duk garin nan ba wanda ya ga wannan ƙafa sai ni.

Yanzu Hanne ce, autarmu, wadda kake ɗauka a wuya zuwa gona. Jijiya ta kwantar da ita tun shuka, salla ma a zaune take yi. Sule ya shafa mata, sauƙi bai zo da wuri ba, sai suka ƙulla da wanzami a tsaga, a cusa man a ciki, wai ya fi saurin isa jijiya. Ita ma ta yarda, ciwo ya kai ta inda ko yankewa za ta yarda. Na yi magana a zaure, aka ce tsufa ne. Na nemi tukunyar in fasa, Sule ya ɓoye.

To ga abin da na yanke. Gobe da hantsi wanzami zai zo. Zan zauna a ƙofar ɗakin Hanne in miƙe ƙafata ta hagu, dama tana yi mini tsami. A fara tsaga tawa, a cusa, a jira kasuwa ta zagayo. In na tashi garau, ni ne maƙaryaci, a yi mata. In ta yi baƙi, gari ya samu waɗansu idanun bayan nawa.

Malam ya ajiye alƙalami, ya ce wannan jefa kai ne cikin halaka. Na ce to shi ya je ya hana Sule. Ya ɗauki alƙalamin, ya ci gaba.

Yaya, tsoro nake ji. Kai kaɗai zan gaya wa, sai mai alƙalamin nan. Har yau warin ɗakin bafataken nan bai bar hancina ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya tashi kafaɗar Hanne, Ya sanyaya hannun ɗanka kafin aska ta taɓa fata. In kuwa bai sanyaya ba, ka ɗan matsa mini, ina tafe.

Wassalam.
Ƙanenka mai taurin kai, Tanko.