Albasar Baba da tallan da ba ya fitowa

Zuwa ga Yayana Abdulwasi'u, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi. Mu nan Malanville da sauƙi, ƙafar Inna ma ta daina kumburi.

Yaya, maganar tallan da ka sa wa albasar Baba a intanet ce ta sa na rubuto. Ka san tun da aka rufe gadar iyaka 'yan Gaya na ƙetaren kogi suka daina zuwa, shi ya sa muka dogara da masu saye na kudu. Makon farko duk wanda ya nemi albasar Malanville a waya, mu yake fara gani. Yanzu ko ni na nema ba na ganinmu.

Na tambayi Hadijatu mai gyaran waya. Ta ce injin bincike ba biya kaɗai yake dubawa ba, yana lura ko mai nema ya sami abin da ya zo nema. In mutane suna shiga shafi suna fita nan take, sai ya ɗauka tallan ba shi da amfani, ya tura shi ƙasa. To me ke cikin shafin namu? Sallama, addu'a, sunan kakanmu da lambar waya. Ba hoto, ba farashi, don Baba ya hana. Ya ce shekara arba'in bai taɓa faɗa wa mutum farashi ba sai sun gaisa ya tambayi gida, wai rashin mutunci ne. Na yi magana har na gaji, ya ce ƙarfe ba zai koya masa ciniki ba. Wallahi na ji haushinsa, kuma ya ba ni tausayi.

Ana haka zafi ya shiga rumfar da muke ajiye albasar, ta fara ruɓewa. Wari ya kai har maƙwabta sun fara magana.

Jiya da safe Baba ya kira ni, kansa a sunkuye, ya ce in rubuta farashin, in sa hoton. Na ɗauki waya na shiga rumfa, na kwance buhu bayan buhu. Yaya, ban sami ko ɗaya da zan iya ɗauka hoto ba. Ka rufe tallan. Shi ban gaya masa ba tukuna, yana can bakin rumfa da waya a hannu, yana jiran a kira.

Ka gaida Anti Samiha da Ummul-Khairi. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Zulfa