Doyar Daji Ba Ta Ba da Haihuwa, Baba Alhaji

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar ci-gaban garinmu, Doguwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Baba Alhaji, da fatan iyali da gonaki suna lafiya.

Na gode da yabon da ka yi mini a taron bayan Sallah, inda ka sanar cewa 'yarku ta jami'a ta haɗa maganin haihuwa da doyar daji. An ce an yi tafi sosai. Ni ma na so na taya, sai dai ban san wannan 'ya taku ba.

Na farko: ga ainihin aikina. Nakan sa a haƙo mini doyar daga gefen dajin Falgore, na busar, na niƙa, na dafa da asid, na tace wani sinadari. Shi nake bi mataki-mataki, da zafi da wasu sinadaran masu ƙona fata, har ya koma projestaron, wato sinadarin da jikin mace ke yi don riƙe ciki. Abin da na samu zuwa yau farin gari ne da bai rufe gindin cokalin shayi ba, kuma malamina bai yarda da tsarkinsa ba tukuna. Ko ɓera ba a ba ni izinin ba wa ba.

Na biyu: cikin mutum ba ɗakin gwaji ba ne. Ko buhu aka ci, doyar ba za ta juye ta zama wannan sinadari ba.

Na uku, nan ne raha ta ƙare. Tsakar gidan Innata ta zama asibiti. Mata har daga Ɗansoshiya, da kaji a hannu. Da Inna ta ce babu magani, sai aka ce rowa muke yi, aka shiga daji da fartanya. Hansai, matar ɗan kawuna, wadda ɓari ya sha wahalarwa, ta dafa ta ci. Da amai da jiri aka kai ta asibiti. Wata doyar dajin guba ce.

An sallame ta, amma mijinta na ajiye da sauran a rumbu. Na yi masa bayani, ya saurara cikin ladabi, ya ce shi daga bakin Alhaji ya ji, daga bakin Alhaji zai bari. Ashe digirina bai kai muryarka nisa ba.

Saboda haka ina roƙo: ka warware maganar bayan sallar Juma'a, ka ce masu neman haihuwa su ga likita. Amma ka fara biyawa ta gidan Hansai, kafin a sake ɗora tukunya.

Allah Ya ƙara girma, Ya ja kwana.

Wassalam.
'Yarka, Bilkisu.