Furun Ɗina Da Layi Na Bakwai

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Halas, shi ke nan, an sayar da gidan. Shekara ashirin da biyu a unguwar Madain Fahd, hawa na uku, babu lif, gwiwoyin maigidana Jaji sun ce sun gaji. Za mu koma shiƙƙa, wato sashen gida, a hawan ƙasa kusa da ɗanmu Usama. Ban yi gardama ba. Na fara ɗaure kaya, na ce wa Usama ya nemo mini mai gyara ya ciro furun, tandun gashina, da murhun gas da fankar zuƙe hayaƙi. Sai ya kalli ubansa. Uban kuma ya kalli silin.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ashe har da kicin aka sayar. Yana nan a takardar ciniki, layi na bakwai: duk abin da ke manne da bango na mai saye ne. Na ce wa Jaji, "Malam, ka karanta kafin ka sa hannu?" Ya ce ya karanta, shi bai ɗauka furun manne yake ba. Mutumin da ya tsaya a kan kafinta yini guda ranar da aka gina shi cikin kabad!

Yau ban girka ba, waken ful ɗin shago ya ci.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yasmin ta bugo daga Riyad. "Ummi, furun ne bas, mu saya miki jadid." Bas, wai furun ne kawai! 'Yar da na gasa kek ɗin bikinta a ciki. Daga unguwar Sa'alaba zuwa nan, da wuya gidan Hausawan da ya yi suna ko walima bai ci gurasa ko basbusa daga wannan furun ba. Sana'ata ce, ba kayan ado ba. Na ga irin sabon, jadid ɗin nata, a gidan Usama, na lantarki, duk maɓallai, yana ƙara kamar na'urar asibiti.

Rabin maganar da Larabci ta yi ta, don ta san in da Hausa ne ba za ta iya da ni ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan la'asar mai sayen ya zo auna ɗakuna, Nawaf, da matarsa Wafa'. Yarinya ce ƙarama. Tana shiga kicin ta hau buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya, ko izini babu, tana shafa dutsen kanta tana "Masha Allah." Wai kicin ɗin ne ya sa suka zaɓi gidan. Na ce furun dai nawa ne, da ni zai tafi. Nawaf ya yi murmushi, da ladabinsa, ya ce, "Ya khala," wato inna, "takarda ce tsakaninmu."

Jaji kuwa sai zuba musu gahwa yake, kofi bayan kofi, kamar aikinsa ke nan.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban yi masa magana ba yau. Sau uku yana yabon miya.

Talata, 15 ga Oktoba

Na yi abin da na yi, bari in rubuta shi yadda yake. Jaji ya tafi asibiti duba gwiwa, na kira mai gyara a ɓoye. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce furun zai fita, amma bututun gas ta bayan dutsen ya bi, sai an fasa. Ya kuma ce irin ginin da za mu koma sau da yawa lantarki kawai suke yarda da shi. Na ce ya kwance, sauran matsalata ce.

Ya cire kusa biyu ke nan Jaji ya shigo. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tsaya riƙe da ƙofa yana haki, gumi har gemu, saboda benen. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ikilima, laifina ne, ban tambaye ki ba. Amma na ba mutum kalmata. In ba za ki iya bari ba, gobe in je in roƙe shi a warware cinikin, mu zauna. Benen zan ci gaba da hawa."

Na sa mai gyaran ya mayar da kusoshin.

Wannan mutum, ko haƙuri zai ba ka sai ya ɗaure maka hannu. Haushi har yanzu bai sake ni ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Wafa' ta zo ita kaɗai da safe, da kwalin dabino. Wai ta kwana biyu tana tunanin fuskata. In ina so in ɗauki furun, za ta shawo kan Nawaf. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ma gaskiya ba ta iya kunna shi ba. Uwarta ta rasu tana shekara tara, tun aurenta abincin waje suke ci, ta zaci in ta samu kicin na gaske girkin zai zo.

Nan raina ya ƙara ɓaci. Wato wadda ko ashana ba ta iya riƙewa ba zan bar wa! Na ce ta ajiye jakarta ta durƙusa gaban furun. Ashana huɗu ta ɓata, ta biyar ta kusa ƙone gefen mayafinta. Ta shida ya kama. Ta yi ihu kamar ta ci jarrabawa.

Maganar ɗauka ban ba ta amsa ba. Ita ma ba ta sake tambaya ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mun tashi. Na goge furun ciki da waje kafin motar kaya ta zo. Na bar faranti biyu na gashi a ciki, don shi kaɗai suke shiga. Ba kyauta ba ce.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Kek biyu na ƙone a sabon furun na lantarki. Na uku ya fito. Jaji ya ce ya fi na da laushi, na yi kamar ban ji ba. Yau da ƙafarsa ya je masallaci duk salla biyar.

Wafa' ta turo hoto da rana: basbusa, rabi baƙi ƙirin, rabi ɗanye. A ƙasa ta rubuta, "Khala, me na yi?" Ba ta yi komai ba, ni ce na manta ban gaya mata ana juya farantin a tsakiyar gashi ba. Na rubuta, na goge. Irin wannan ba a waya ake bayaninsa ba.

Na ce wa Jaji gobe ya kai ni Madain Fahd in gaida tsofaffin maƙwabta. Ya ce to, a sa buhun fulawa a mota? Na harare shi. Na ce ya sa har da samid, garin basbusa, wanda na gani a hoton yarinyar nan ba mai kyau ba ne.