Ƙuri'ar Inna Hadiza

Daren Laraba, Dogon Kiriya.

Barci ya ƙi zuwa. Yau 'yan jam'iyyarmu na gari suka zaɓe ni wakilinsu a kongire, babban taron fidda ɗan takarar shugaban ƙasa, don ni ke jin Faransanci. Amma cikin masu neman takarar su biyu, Alhaji suka ce in zaɓa, ba Dokta ba.

Na yi magana har muryata ta dushe. Na fassara musu takardar Dokta, wurin da ya ce zai gina azuzuwa a daina karatu a rumfar zana. Na tuna musu bara, da ruwan farko ya kwashe ajina muka rufe lakkol, makarantarmu, da wuri, har Rabi, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta faɗi jarrabawa.

Kakar Rabin ce ma, Inna Hadiza, ta tare ni da sunan da ake kiran malaman lakkol a nan.

"Mushe, ranar da gobara ta cinye rumbunanmu, wa ya zo?"

"Alhaji ne, Inna. Amma bai kawo komai ba."

"Ya kawo ƙafarshi! Ya tuɓe takalmi, ya zauna cikin toka, ya sha furata da ludayina. Naka fa, ya san hanyar garin ga?"

Aka fashe da dariya. Ni ma a rediyo kaɗai na san Dokta.

Ya Allah, damina ta kusa, zanar kuma ta ruɓe. In na zaɓi Dokta a can, ba wanda zai sani. Amma ƙuri'ar ba tawa ba ce, aike aka ba ni. Alhaji zan zaɓa. Abin da zan gaya wa Rabi in hadari ya taso ne ban sani ba.