Kalma Ɗaya a Minti na Goma Sha Bakwai

Gwaggo Nevena,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma idan da hali kafin ƙarshen wata, domin akwai takardar da ake jira in sa wa hannu, ni kuwa hannun ya ƙi. Kwana biyar ke nan ina fara wasiƙar nan ina gogewa.

Shekaruna arba'in da shida. Muna zaune a birnin Plovdiv na ƙasar Bulgariya, a hawa na huɗu, ni da mijina Zdravko da mahaifiyata. Aikina mayar da magana rubutu. Wani ofishin lauyoyi mai kare kamfanonin inshora ne ke turo mini muryoyin da aka naɗa: jami'in bincike yana yi wa mutum tambayoyi a kan haɗarin mota, ko gobara, ko rufin da ƙanƙara ta farfasa. Ni kuma in saƙala abin sauraro a kunne, in riƙa taka abin tsayar da murya da ƙafa, ina buga kowace kalma yadda ta fito, har tari da "to, e". Shekara tara ina yin haka a kan teburin cin abincinmu. Ban taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya cikin masu maganar ba. Shugabata ma, Malama Velichka, sau biyu muka taɓa haɗuwa.

Da, aikin abin rufin asiri ne kawai. Amma tun da ɓarin jikin Mama ya shanye shekara huɗu da suka wuce, ya zama shi ne komai. Zdravko direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu a hanyar Jamus. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta kindirmo da cokali. Wane aiki ne zai bar ni in tashi sau goma a yini in dawo?

A watan jiya aka turo mini muryar wani tsoho daga ƙauyukan duwatsun Rodopi. Zan kira shi Baba Stoil, ba sunansa ba ne. Ɗakin tumakinsa ne ya ƙone a tsakiyar hunturu, lokacin haihuwa, da tumaki talatin da wani abu a ciki. Yana da ɗan murhu a ɗakin don ɗumama 'yan jariran. Da sunayensu yake ambaton tumakin, jami'in kuma, matashi mai sauri, yana ta katse shi. A minti na goma sha bakwai ya tambaye shi abin da ya yi da wutar kafin ya tafi gida cin abinci. Tsohon ya amsa, kare yana haushi a bayansa. Ya faɗi wata kalma da ban sani ba. Na mayar sau uku, sai na rubuta wadda ta fi kama da ita a kunnena, mai nufin ya hura wutar.

A nan ne laifina yake. Dokar aikin ita ce, idan ba ki tabbata ba, ki rubuta "ba a ji sosai ba". Amma ofis yana lura da mai yawan barin gurbi, sai aikinta ya riƙa raguwa. Kuma in faɗa miki gaskiya, akwai girman kai. An san ni da cewa ba na barin gurbi.

Makon jiya suka dawo mini da aikin, wai in sa lokaci a gefen kowace amsa, in kuma sa hannu cewa rubutun daidai yake da abin da aka naɗa, saboda magana za ta je kotu. Kamfani ya ƙi biyan diyya, ya ce sakaci ne. Na ga an ja layi a ƙarƙashin amsar nan ta minti na goma sha bakwai.

Ina cikin yi da rana Mama ta kira ni. Na miƙe da sauri, wayar abin sauraron ta fizge, muryar tsohon ta cika falo. Ina gyara mata matashi ta riƙe mini hannu, ta ce, "Wane ne wannan? Ai ɗan wajenmu ne. Ji bakinsa, kamar na kawunki Manol." Kafin in kai ga kwamfutar an wuce amsar nan ta minti na goma sha bakwai. Sai ta ce, "Bawan Allah ya kashe wutarsa ya tafi cin abinci, shi ne yaron nan ya tsare shi da tambaya kamar ɓarawo?" Na ce, "Mama, cewa ya yi ya hura." Ta yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Ta ce, "Kin tashi a birni kin yi karatu, kin sayar da kunnenki. A wajenmu in an faɗi haka, an zuba ruwa an rufe da toka ke nan. Ubanki kullum haka yake faɗa."

Gwaggo, tun ranar ban ci abinci ya zauna mini ba. Na saurari wurin ya fi sau arba'in. Wani lokaci in ji abin da Mama ta ji, ƙarara. Wani lokaci in ji nawa. Shekara hamsin ke nan da Mama ta bar ƙauye, kuma akwai ranakun da take kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. A kan maganarta zan ce ofis ya canja takardar kotu?

Kuma idan na faɗa, za a tambaye ni yadda aka yi na gane. Na sa hannu tun farko cewa babu mahalukin da zai ji waɗannan muryoyi sai ni. Na san wata da aka sallama a kan abin da bai kai wannan ba. Na kira Zdravko, ban faɗa masa suna ko gari ba. Ya ce, "Ke alƙali ce? Tsohon ai yana da lauya, su saurara da kunnensu mana. In suka kore ki, wa zai zauna da Mama, ni ko motar?" Ba mugu ba ne, tsoro ne irin nawa. Har na yi tunanin aika wa lauyan tsohon takarda ba suna.

Abin da ya fi ci mini rai, Mama kullum sai ta tambaye ni, "Yaya mutumin nan mai tumaki?" Jiya ta roƙe ni in sake kunna mata, wai ta ji maganar gida. Na ce ba zai yiwu ba. Ta juya fuska bango.

In sa hannu in yi shiru, ko in yi magana in jefa gidana a wahala saboda mutumin da bai san ina duniya ba, a kan kalmar da ni kaina ban tabbata ba?

Taki,
Mai Buga Maganar Mutane


'Yata,

Na canja wasu abubuwa a wasiƙarki kafin a buga, don kada a gane ki ko a gane tsohon. Daga yau kada ki ƙara ba kowa labarin nan, har mijinki.

Kada ki sa hannu. Takardar cewa take yi kin tabbata, ke kuwa kin gaya mini sau biyu ba ki tabbata ba. Kuskuren watan jiya kuskure ne, kowane mai aiki da kunne yana yin irinsa. Sa hannun wannan watan kuwa da saninki zai kasance, kuma shi ne ba zai bar ki ki yi barci ba ko bayan shekara goma.

Mijinki ya yi gaskiya a abu ɗaya: ke ba alƙali ba ce. Ba a ɗora miki gano ko tsohon ya kashe wuta ba, ko kamfani ya biya ko kada ya biya. Mai yiwuwa Mama ta ji daidai, mai yiwuwa a'a. Shi ya sa ban ce ki goge kalmarki ki sa tata ba. Inda ya kuskure shi ne zaton lauya zai saurara. Lauyoyi takarda suke karantawa, don haka ma ake biyanki. Abin da kika buga shi zai zama bakin tsohon a gaban kotu.

Ga abin yi. Ki rubuta wa Malama Velichka, a rubuce, ba ta waya ba, ki ajiye kwafi. Layi huɗu sun isa: da kika sake saurare, kalmar minti na goma sha bakwai ba ta fito sosai ba, kina zaton karin harshen yankin ne, kuma ma'anarta na iya zama akasin abin da kika rubuta, kina neman a sa wanda ya san karin ya saurara, kafin nan za ki mayar da wurin "ba a ji sosai ba". Takarda marar suna kuwa ki manta da ita. Ita ce cin amanar gaske, kuma ba wuya a gano daga inda ta fito.

Maganar Mama fa? Na auna ta sosai. Shawarata ki faɗa, a jimla ɗaya, ba kuka ba dogon ban haƙuri: wayar abin sauraro ta fizge, mahaifiyarki marar lafiya ta ji 'yan daƙiƙu, kin ɗauki matakin da ba zai sake faruwa ba. Ba zan yi miki alkawarin ba za su hukunta ki ba. Amma ofishin da zai shiga kotu ya fi son jin aibin takardarsa daga bakin ma'aikaciyarsa a kan ya ji shi daga lauyan ɗaya ɓangaren. Idan suka ce ki bar shi yadda yake ki sa hannu, ki ƙi cikin ladabi, ki nemi lauyan ƙwadago a ranar. Kuma tun yanzu ki fara duba wasu ofisoshin. Mai shekara tara a wannan sana'a ba a ofis ɗaya aikinta yake ƙarewa ba, kuma tsoro yana raguwa idan mutum ya san akwai wata ƙofar.

Ita Mama ba shari'ar ce ta dame ta ba, kewar gida ce. Ba za ki kunna mata tsohon ba, amma za ki iya nemo mata wani ɗan ƙauyensu a waya ran Lahadi. Ki kuma gaya mata ta fi ki kunne. Za ta ji daɗi.

Ki aika saƙon da safe, kafin ki buɗe wani aikin, kada ki tsaya gyara shi sau goma. Bayan nan ki zauna ki ci abinci mai zafi. Allah ya ba Mama sauƙi, ya dawo da maigidanki lafiya, ke kuma ya tsare miki aikinki da mutuncinki.

Gwaggo Nevena