Siriri Ne, Amma Wai Kitse Ya Yi Masa Yawa

Hajiya Sa'ida, don girman Allah ki warware min wannan, kaina ya ɗaure.

Maigidana baduku ne a nan Dukawuya, kuma siriri ne, in iska ta taso sai ya dafa bango. Kwanaki jiri ya kwashe shi a masallaci, aka kai shi asibiti, suka ce hawan jini ne, wai kuma kitse ya yi yawa a jininsa, kolestirol suka kira shi. To ni a ina kitsen ya ɓuya? Mu dai mun taso mun san tunani ke kawo hawan jini. Ciwo ɗaya ne ko biyu? Wanne ya haifi wanne?

Na daina sa man shanu, na rage gishiri. Amma kin san ciyayya, bayan magariba magidantan layinmu kowa yakan fito da kwanonsa su haɗu a zauren Alhaji Ɗalha su ci tare. Kwanona kullum sai ya dawo yadda ya fita, shi kuwa ya shigo leɓe yana ƙyalli. Ashe na maƙwabta yake ci! Har mata sun fara tsegumi wai rowa nake yi. Ya hana ni gaya wa kowa, wai namiji ba ya tallan ciwonsa. Haka yayansa ya yi, ga shi can kwance ɓarin jiki ya shanye. Wallahi tsoro nake ji. In koma girkina na dā, ko in hana shi fita?

Matar Baduku

'Yar uwa, kwantar da hankalinki. Wannan kitsen ba na teɓa ba ne. Maiƙo ne da ke yawo cikin jini, hanta na yin sa, abinci na ƙara shi, ana kuma gadonsa, shi ya sa siriri ma yakan samu. Idan ya taru a jikin jijiya sai ta ƙuntata ta yi tauri, zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfi. Hawan jinin kuma yana ƙuje jijiyar, maiƙon ya ƙara samun wurin maƙalewa. Ciwo biyu ne masu ingiza juna. Tunani yana tsananta hawan jini, amma ba shi kaɗai ba ne.

Kada ki koma girkin dā, sai dai ki gyara hannu da daddawa, citta da tafarnuwa, ki yawaita wake da zogale. Ya sha maganinsa kullum, ya riƙa zuwa awon jini.

Kada kuma ki raba shi da ciyayya, zumunci ma magani ne, kuma kunyarsa abin fahimta ce. Ki lallashe shi ya gaya wa Alhaji Ɗalha da bakinsa, a riƙa tura wa mijin naki kwanon da kika girka. Ki tuna masa cewa mutanen da yake ɓoye wa ciwon nan, su ne za su cicciɓe shi ranar da ya faɗi.

Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan haƙuri.

Hajiya Sa'ida